Baƙon Wake a Tudun Wada

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ƙanin maigidana ya koma Amurka jiya, bayan hutun sati uku. Cikin tsarabar da ya bar mana akwai leda huɗu na wani wake da ban taɓa riƙewa a hannuna ba. Ya fi namu girma da tsawo, launinsa kamar na ƙasa mai haske, an yayyafa masa ɗigo-ɗigo da zane ja-ja kamar ƙwan zabuwa da aka yi wa ado. Sunansa pinto. Kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta abin da aka yi wa fenti. A jihar Dakota ta Arewa yake karatu, inda ake noma shi gonaki-gonaki, kuma ya ce shi ne abincin da ya riƙe shi shekara biyu a ƙasar da babu ƙosai babu tuwo. Da na juye a tiya ya kusa cika uku.

Ga abin da na ƙudurta. Mu takwas ne a gidan nan: ni, Malam, mahaifiyarsa Hajiya, da yara biyar. Tun da nama ya yi tsada, abincin darenmu ya watse. Babba ya sayi shayi da burodi a bakin titi, 'yan matan su dafa taliyar leda, Malam ya ci tuwo shi kaɗai bayan Isha'i, Hajiya ta sha kunu ta kwanta. Wannan abu yana damuna ƙwarai. A gidanmu na Ƙofar Doka, a nan Zariya, inda na tashi, tire ɗaya ake ajiyewa, kowa ya wanko hannu ya zo. Ina so aƙalla sau ɗaya a sati, har waken nan ya ƙare, in dafa abin da zai cika ciki, ya yi ɗumi a wannan hunturun, kuma ya zaunar da mu wuri guda. Zan riƙa rubuta yadda ta kaya.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na fara da garau-garau, tunda shi kowa ke so. Na tsince gwangwani huɗu, na wanke, na zuba a tafasasshen ruwa kamar yadda nake yi wa farin wake. Bayan minti arba'in na zuba shinkafa. Shinkafa ta dahu har ta fara caɓewa, wake yana nan garas-garas. Na jefa kanwa a makare, abinci ya yi duhu, ɗanɗanon ya juya. Yara suka tsince shinkafar suka bar waken a gefen faranti. Hajiya ta murza ƙwara ɗaya tsakanin yatsunta ta ce, "'Yar nan, wannan ai sai mai haƙora talatin da biyu."

Na yi baƙin cikin asarar, ga shinkafa ga gas. Abu ɗaya da na lura da shi: zanen nan mai kyau yana ɓacewa a tukunya, waken duka ya koma ruwan ƙasa mai ɗan ja.

Laraba, 8 ga Janairu

Mun yi waya da ƙanin Malam ta WhatsApp. Da na faɗa masa abin da ya faru ya ce, "Ayya Yaya, laifina ne, ban gaya miki sai an jiƙa shi ba." Ga abin da ya koya mini, na kuma gwada jiya da yau da gwangwani ɗaya don in gani da idona.

A jiƙa shi tun dare, awa takwas ko fiye, a ruwa mai yawa, domin yana sha ya ninka girmansa. Da safe a zubar da wannan ruwan a ɗauraye. A ɗora a sabon ruwa, a bar shi ya tafasa sosai, tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti 10, kafin a rage wuta. Wannan ba don laushi kaɗai ba ne. Dangin waken nan, musamman jan nan mai siffar ƙoda, suna da wani sinadari a jikinsu wanda idan bai ji wuta sosai ba yakan sa amai da gudawa. Na pinto bai kai na jan yawa ba, amma ni mai ciyar da tsohuwa da yaro ɗan shekara shida ba zan yi wasa da wannan ba. Bayan tafasar sai a bar shi yana sulala a hankali.

Sai maganar tumatir. Duk abu mai tsami yana hana shi laushi, don haka tumatir da tsamiya sai ya nuna tukuna. Gishiri kuwa ba ya hana komai, har cikin ruwan jiƙon na zuba kaɗan. Da aka jiƙa, awa ɗaya da kwata ya yi luguf a kan gawayi, ba tare da ko ƙwarar kanwa ba. Na latsa da cokali, cikinsa ya baje kamar dafaffen dankali. Romonsa ma ya yi kauri da kansa. A nan na fara ganin abin da ya sa mutane ke son sa.

Asabar, 11 ga Janairu

Faten wake da doya. Gwangwani biyar na jiƙa tun daren Juma'a. Da hantsi na je kasuwar Tudun Wada na sayo alayyahu, albasa, attaruhu, tattasai, da busasshen kifi. Tumatir ya fara sauƙi yanzu da na lambun rani ke shigowa daga bakin kogin Galma.

Na dafa waken da albasa guda da tafarnuwa, sai da ya nuna na zuba yankakkiyar doya. A wani kasko na soya jajjage da manja, na sa daddawa da citta da kifin da na gyara, na juye a kai. Alayyahu a ƙarshe, minti biyar na sauke. Na ɗebi ludayi biyu na waken na murƙushe na mayar, faten ya haɗe jikinsa.

Bayan Magariba na shimfiɗa tabarma a falo, na ajiye tire biyu, na maza da na mata. Babba yana shirin fita, Malam ya ce, "Zauna ka ci abinci tukuna." Ya zauna. Ya ci, ya ƙara. Auta ya ce waken yana da "mai a ciki". Hajiya ta ci doya da romo, ta ture waken gefe, ta ce ɓawonsa yana maƙale mata a dasashi. Mutum bakwai cikin takwas. Har ƙarfe tara ana hira, abin da na daɗe ban gani ba a gidan nan.

Talata, 14 ga Janairu

Auta ya ɗebi ƙwara goma ya shuka a tsohon bokitin fenti biyu bayan ɗakin girki, da ƙasar da ya haɗa da takin awaki. Na bar shi.

Asabar, 18 ga Janairu

Na so in yi alale saboda Hajiya. Na jiƙa kaɗan na zuba a turmi don in surfa, ɓawon ya ƙi fita. Namu wake minti kaɗan a ruwa, ka murza, ɓawo ya taso sama ka tace. Wannan ɓawonsa ya manne, sai dai ƙwarar ta fashe da shi a jiki. Ni da babbar 'yata muka zauna muna ɓarewa ɗaya-ɗaya, bayan rabin awa ko cikin tafin hannu ba mu tara ba.

Na dakata na yi tunani. Ko da ya surfu, ƙosai da alale da ɗanyen ƙullu ake yin su, kuma ƙosai minti nawa yake yi a mai? Ga shi an ce waken nan sai ya sha tafasa. Na fasa. Abin da muka fasa a turmi na dafa shi da kabewa muka ci da burodi. Ƙosai, alale da ɗanwake na bar wa namu, ba zan sake gwadawa ba.

Yau mu biyar ne a tabarma. Malam yana wurin ta'aziyya a Wusasa, Babba ya bi shi.

Juma'a, 24 ga Janairu

Yau na gwada yadda mutanen Meziko ke yi, kamar yadda ƙanin Malam ya kwatanta mini. Sukan dafa waken har ya yi laushi, su soya albasa a kitse, su zuba waken da ɗan romonsa, suna murƙushewa suna juyawa har ya zama kamar kwaɓaɓɓen dankali. Da yawansu da kitsen alade suke yi. Ni na sa man shanu da na saya wurin mai nono, kuma ina ganin babu kitsen da zai fi shi dacewa. Ƙamshin albasa da man shanu ya cika gidan har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Su da wata gurasar masara mai kama da faifai suke ci. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda suke gyara masarar: sai sun dafa ta da farar ƙasa ko toka kafin su niƙa, tun zamanin kakanninsu. Na tuna kakata da ruwan tokarta da take tacewa a tsohuwar tukunya mai huji. Mutane a can wata nahiya, mu a nan, kowa ya gano amfanin toka a girki.

Mun ci namu da gurasa, na barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, na yanka tumatir da albasa ɗanye a kai. Yara sun so wannan fiye da komai zuwa yanzu. Ra'ayina: yana da daɗi amma yana da nauyi, ya fi kyau a ci shi da wuri, kafin Isha'i. Hajiya ta ɗanɗana cokali biyu. Ɓawon dai har yanzu.

Lahadi, 26 ga Janairu

Shukar Auta ta fito, bakwai cikin goma. Mijin maƙwabciyata, wanda ya yi shekaru yana aikin gona a Samaru, ya shigo gaida Hajiya, Auta ya ja shi ya nuna masa. Ya duƙa ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi mana bayanin da ya warware mini abubuwa da yawa.

Ashe waken nan da namu suna ne kawai ya haɗa su, kowanne da irin tsironsa. Namu ɗan Afirka ne, a nan aka fara noma shi, yana jure zafi da ƙarancin ruwa, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi. Pinto kuwa asalinsa Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, danginsa su ne jan wake mai siffar ƙoda da baƙin wake da koren waken da ake sa wa a soyayyiyar shinkafa. Yana son wuri mai sanyi-sanyi, shi ya sa a ƙasar nan sai a tuddai irin na Jos da Mambila ake ganin danginsa suna yi. Ya ce wa Auta, "Ka yi sa'ar hunturu, amma ka roƙi Allah ya yi fure kafin zafi ya sauko."

Daga nan hira ta koma kan namu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922 kuma yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ke fitar da irin waken da ake kira SAMPEA. A ƙarshen 2019 aka amince da SAMPEA 20-T, wanda ke jure tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake, aikin da Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranta. Shekara nawa ina wuce ƙofar wurin nan a mota in za ni asibitin Shika, ban taɓa haɗa shi da abin da ke cikin tukunyata ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na buɗe robar farin waken da na saya tun kaka, na tarar ƙwari sun fara huda shi. Na shanya a rana, na bushe, na ware na ci da wuri. Ledar pinto tana kusa da shi a kan kanta ɗaya, a buɗe ma, ko huji ɗaya babu. Na aika Auta ya tambayi maƙwabcin namu. Ya dawo da amsa cewa ƙwaron namu wake ba ya iya girma a cikin pinto, akwai abin da ke cikinsa da ke hana tsutsar narkar da abinci, amma shi ma yana da nasa ƙwarin, kada in saki jiki. Ya ba da shawarar buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ke toshe iska ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba. Bana in Allah ya kai mu kaka shi zan saya. Maganin da wasu ke zuba wa wake a ajiya ya daɗe yana ba ni tsoro.

Da dare na sake garau-garau, wannan karon sai da waken ya kusa nuna na zuba shinkafa. Mai da yaji, latas da tumatir. Ya yi. Amma in faɗi gaskiya, a garau-garau namu ya fi shi. Ƙwarar pinto ta yi wa shinkafa girma, kowa yana tafiyarsa daban a baki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Sati biyar ina neman yadda Hajiya za ta ci waken nan, yau Allah ya ba ni.

Daren jiya ina kwance na yi ta juya abin a raina. Matsalarta ɓawo ne. Ɓawon ya ƙi fita a ɗanye. To me zai hana in cire shi bayan ya dahu? Na tashi na jiƙa gwangwani huɗu.

Da rana na hura gawayi, na dafa shi da albasa har sai da ya wuce nuna, yana fashewa da kansa. Na sa maburgi na burge shi a cikin romonsa. Sannan na ɗora rariya a kan babban kwano, ina zubawa ina dannawa da bayan ludayi. Cikin waken ya riƙa sauka sumul kamar kunun gyaɗa, ɓawon ya tsaya a sama. Aikin ya ci kusan minti ashirin kuma hannu ya gaji, 'yata ta karɓe ni a tsakiya. Ɓawon na ba kaji.

Na mayar da tataccen a wuta. Manja ludayi ɗaya, daddawa da na daka da citta da masoro da ɗan kanumfari, attaruhu biyu kacal saboda ita, kifin banda da na cire wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a kai ina juyawa don kada ya kama. Miyar wake ce irin wadda muka sani, amma ta fi ta kullum santsi da kauri, launinta ya fi duhu. Na tuƙa tuwon shinkafa mai taushi.

Na kai mata nata a ƙaramin kwanon sha da ta fi so. Ta ce a'a, a kai falo, za ta fito. Malam ya riƙo hannunta, aka sa mata matashi ta jingina da bango. Ta gutsuri tuwo ta dangwala, ta yi shiru. Ta sake. Sai da ta yi loma biyar ko shida ta ɗago ta ce, "Wannan waken Amurkan ne?" Na ce, "Shi ne, Hajiya." Ta ce, "To ai ya koyi Hausa." Ta cinye malmala guda da rabi, ita da tun azumin bara ban ga ta gama guda ba.

Daga nan ta shiga ba yara labarin yadda suke shuka wake a tsakanin dawa a gonar mahaifinta, yadda ake roron sa da kaka, da yadda harawa ke riƙe dabbobi har rani ya wuce. Babba, wanda kullum ido na kan waya, ya ajiye ta yana tambayarta. Mu takwas cif. Da za ta tashi ta dafa kaina ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Na shiga ɗakin girki na tsaya ni kaɗai na ɗan lokaci kafin in fara wanke-wanke.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yayata ta zo daga Gyallesu da 'ya'yanta uku, muka zama goma sha biyu. Na sayo ƙashin saniya da ganda a Sabon Gari, na dafa su tun azahar, na zuba jiƙaƙƙen wake gwangwani shida a cikin romon, jajjage daga baya. Awa uku a kan gawayi. Nama kaɗan ne ƙwarai, amma waken ya shanye ɗanɗanonsa har kowace loma kamar da nama. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace arha idan baki sun yi yawa. Na tace wa Hajiya nata daban. Yaya ta tafi da gwangwani biyu ɗanye, na maimaita mata maganar jiƙo da tafasa har sau uku a bakin ƙofa.

Wani abu da ban rubuta ba tun farko: kumburin ciki. Satin farko yara sun yi ƙorafi. Tun da na riƙe zubar da ruwan jiƙo, kuma cikin ya saba, maganar ta ragu sosai.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Shukar Auta ta yi fure, ƙanana farare. Hazo ya janye, rana ta fara cizo. Na sa ya matsar da bokitan ƙarƙashin bishiyar mangwaro, yana ba su ruwa safe da yamma.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Furen da yawa sun zube, kamar yadda maƙwabcinmu ya yi tsoro. Auta ya tsince su a tafin hannunsa ya kawo mini idonsa cike da ƙwalla. Muka koma tare muka duba ganye bayan ganye, muka sami kwanso huɗu sirara, kowanne bai kai ɗan yatsansa ba. Ya ɗaura musu zare ja don ya riƙa gane su.

Azumi saura kwana ɗaya ko biyu, ana jiran ganin wata. Na auna abin da ya rage, gwangwani tara. Na sayo farin wake tiya biyu saboda ƙosan buɗa-baki. Pinto na raba shi uku: huɗu na miyar Hajiya a satin farko, huɗu na daren da Yaya za ta zo shan ruwa, ɗaya na zuba a kwalba na rufe, maƙwabcinmu zai ba wani abokinsa da ke noma a wajen Jos ya gwada da damina.

Ɗazu da la'asar Babba ya leƙo ɗakin girki ya ce, "Umma, ran Asabar ɗin nan me za a dafa?" Na ce miyar wake da tuwo, in an ga wata sai mu ci bayan tarawihi. Ya ce zai biya ta Sabon Gari gobe ya sayo kifin.